Allurar olsar Babanmu da amanar da ya ɗora min

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa na wannan guruf. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, kuma ka ɗora min wannan yau ɗin nan kada ka bar shi sai gobe, domin goben ce matsalar. Don Allah ku ba ni shawara, na daɗe ina karanta na mutane a nan ina wucewa, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan rubuto ba.

Ni mace ce, ina aure a Gaya ina kuma koyarwa a wata firamare, amma asalina 'yar Toranke ce ta ƙasar Ajingi, can iyayena suke. Babanmu malami ne, yana da Islamiyya a ƙofar gida, yana kuma noman gero da gyaɗa kamar kowa. Mutum ne mai shiru-shiru, ba ya faɗa ba ya ɗaga murya, kuma shi ya sa idan ya ce a'a babu wanda yake iya sake tayar da maganar. Mu biyu ne manya a wajensa, ni da yayana namiji. Yaya yana da kemis a cikin garin Ajingi, ya koyi sayar da magani ne a wajen wani ubangidansa a Kano, bai yi makarantar aikin jinya ba, amma mutane Dakta suke ce masa. Ina so ku sani tun yanzu Yaya ba mugun mutum ba ne, shi ya riƙa goya ni a keke yana kai ni makaranta, kuma duk cikinmu babu wanda ya kai shi son Baba.

Baba ya daɗe yana fama da olsa, irin wadda ake cewa ta tashi a sha magani ta kwanta. A azumin da ya wuce ne abin ya yi tsanani, ya riƙa amai, ko ruwa ya sha sai ya dawo, har ya kasa tsayuwa a sallar asham. Aka ɗauko shi aka kawo shi asibiti nan Gaya, ni na yi jinyarsa saboda na fi kusa. Suka sa masa ƙarin ruwa, suka riƙa yi masa wata allura ta jijiya, omeprazole, wadda mutane suke kira allurar olsa. Gari ne a 'yar kwalba, sai an haɗa shi da ruwansa, sannan nas ta zauna ta riƙa turawa a hankali a hankali tana duba agogo. Gaskiya allurar ta yi masa aiki, kafin a sallame mu har tuwo ya nema.

Ranar sallama likitan ya zaunar da ni, ya ce min abu uku zan riƙe. Allurar nan ta asibiti ce, an yi masa ita ne saboda cikinsa ba ya riƙe komai, yanzu da yake iya haɗiya kafso zai yi masa aikin da allurar take yi, domin duk rage asid ɗin ciki suke yi. Sai kuma ya daina shan ƙwayoyin ciwon gwiwar da ya saba sha idan zai je gona, su ne suke cin bangon cikin. Na ƙarshe, saboda shekarunsa, a kai shi Kano a leƙa cikin da wata siririyar roba mai kyamara da ake zurawa ta baki, a tabbatar olsa ce kaɗai.

Da na faɗa wa Baba maganar Kano sai ya yi murmushi ya ce ai ya warke, Alhamdulillahi. Na san dalilinsa. Ƙaninsa, Baffanmu, shi ma ciwon ciki aka ce, aka kai shi Kano da ƙafarsa, aka yi masa aiki, gawarsa aka dawo mana da ita. Baba ne ya raka shi, shi ya dawo da shi. Tun daga ranar ko sunan asibitin Kano aka ambata sai ya tashi ya ɗauki buta.

Damina ta sauka, Baba ya koma gona, gwiwa ta dawo, ya koma shan ƙwayoyinsa a ɓoye. Ciki ya sake tashi. Ya ce kafson nan ba ya yi masa komai, allurar Gaya ce maganinsa, Yaya ya nemo ta. Ummanmu ta ce da farko Yaya ya ƙi, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, amma da ya zo ya tarar da Baba a durƙushe riƙe da ciki yana salati, sai ya hau babur ya je ya ɗauko. Aka yi masa, ya samu sauƙi, ya yi barci. Shi ke nan fa. Daga sau ɗaya sai ta koma duk lokacin da cikin ya motsa, daga nan kuma kusan kullum. Ni duk ban sani ba, idan na kira waya sai a ce min jiki da sauƙi.

Da aka fara tugar gyaɗa na je gida zan kwana biyu. Wallahi da na shiga zaure na ga Baba sai da gabana ya faɗi. Rigarsa kamar an rataye ta a jikin ƙusa, wuyansa ya zurma, bayan hannayensa duk sun kumbura sun yi baƙi-baƙi saboda huji. Umma ta ce ai tuwo ya daina ci, sai kunu, kunun ma 'yan kurɓa kaɗan ya ce ya ƙoshi. Ana cikin haka Yaya ya iso da allurarsa a leda. A gabana ya haɗa, ya ɗaure hannun Baba da roba, ya samu jijiya ya tura maganin farat ɗaya kamar mai sauri zai kama mota. Baba ya runtse ido ya jingina da bango ya ce kansa yana juyawa. Abin da ya fi tayar min da hankali, rabi kawai Yaya ya zuƙa, sauran da ya riga ya haɗa da ruwa ya miƙa wa Umma ta ɗora a gindin randa, wai wajen ya fi sanyi, na gobe ne.

Na ja Yaya gefe na ce masa ni fa ba haka na ga ana yi a asibiti ba, kuma likita ya ce allurar ba ta gida ba ce. Nan fa ya hau ni. Ya ce don na yi jinya sau ɗaya na zama likita, shi da yake cikin magani tun ina firamare. Ya ce ina can Gaya ina kwance a ɗakina, shi ake bugowa idan Baba yana murƙususu. Na ce ba raina shi na yi ba, tsoro nake ji. Ya ce in riƙe tsorona. Ya hau babur ya tafi ko abinci bai ci ba.

Washegari bayan la'asar na zagaya bayan rumbu zan ɗebo ƙirare, sai na tarar da Baba a tsugune yana amai. Abin da ya fito baƙi ne ƙasa-ƙasa, kamar guggubin ganyen shayi. Da ya ɗago ya gan ni sai ya sa ƙafa ya tura ƙasa a kai. Sannan ya wuce. Can sai ya aiko a kira ni zaure, ya ce in zauna kusa.

Ya ce, "Uwata, kin ga abin da kika gani." Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Na ce, "Na gani Baba. Tun yaushe?"

Ya ce an kwana biyu. Ya ce bayan gidansa ma ya koma baƙi kamar kwalta, kuma ko Umma bai faɗa wa ba. Na fara kuka na ce Baba mu tafi asibiti yanzu, ko Gaya ce. Ya girgiza kai ya ce in aka je Gaya Kano za su ce, in aka je Kano kuma ya san sauran. Ya ce yana da ɗalibai da ya ɗauko tun ba su san baƙi ba, yanzu sun kusa sauka, an riga an sa walima da zarar an gama kai amfanin gona gida. Yana so ya ji sun kai ƙarshe da kunnensa, ya shafa musu fatiha, bayan nan duk inda muka ce zai bi mu.

Sai ya kama hannuna ya ce, "Ban taɓa roƙon ki komai ba tunda aka haife ki. Wannan amana ce. Kada yayanki ya ji, kada uwarki ta ji."

'Yan uwa, da tsawa ya yi min ko ya ce bai yafe ba, wataƙila da ya fi min sauƙi. Roƙo ya yi. Na ce to. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani.

Na dawo Gaya na kasa cin abinci, a aji ina rubutu a allo sai in manta abin da nake rubutawa. Daga ƙarshe na je wajen likitan nan, na ce masa wani maƙwabcinmu ne dattijo yake da alamomi kaza da kaza, ana kuma yi masa allurar olsa a gida. Ya ajiye biro ya kalle ni ya ce, "Malama, ba Malam ɗin Toranke ba ne da kika yi jinya da azumi?" Na sunkuyar da kai, hawaye suka ba shi amsa.

Bai yi min faɗa ba. Ya ce baƙin bayan gida da irin wannan aman, mafi yawa alama ce ta jini yana zuba a ciki, kuma mutum zai iya yin ta tafiya da ƙafarsa har ranar da zai yanke jiki ya faɗi. Ya ce ita allurar magani ce mai kyau, su ma ita suke yi wa mai zubar jinin ciki, amma a kan gado, ana auna jininsa, ana neman inda yake zuba, idan da buƙata a ƙara masa jini. A gida kuwa abin da take yi shi ne ta kwantar da zafin, kowa ya ɗauka an samu sauƙi, alhali abin da yake ciki yana nan yana ci. Ya ce ramewar nan da saurin ƙoshi su suka fi damun sa, ba zai ce min ga abin da yake zato ba sai an leƙa. Da na faɗa masa maganar ragowar da ake ajiyewa a gindin randa sai ya dafe kai, ya ce da an haɗa ta da ruwa ba ta kwana, ƙarfinta yana lalacewa, ƙwayoyin cuta kuma za su iya shiga, sannan a tura wa mutum kai tsaye cikin jini. Ya ce turawa da sauri ma kuskure ne. Ya ce in kawo shi yau ya fi gobe, kuma in mun zo dole a faɗa masa gaskiyar duk abin da aka yi masa, da yadda aka yi, da ƙwayoyin da yake sha.

Na fito na kira Yaya. Ban faɗa masa maganar jini ba saboda amanar da na ɗauka, na dai ce masa na tambayi likita ya ce a dakatar da allurar a kawo Baba. Yaya ya ce wato har na kai ƙararsa. Ya ce na san masu kemis ba a yarda su yi allura ba, idan aka ga hannun Baba a asibiti za a tambaya waye ya yi, in magana ta yi nisa shagonsa za a rufe, kuma da shagon yake ciyar da gidansa da rabin gidanmu. Na rantse masa ban ambaci sunansa ba. Ya ce to ya ji, ya daina, amma duk abin da ya biyo baya ni ce.

Ya daina ɗin kuwa. Ba a jima ba Umma ta kira ni tana kuka, ta ce Baba a zaune yake sallah, ya ƙi shan kafso ya ce ba ya wuce masa, ko kunun ya daina karɓa. Ta ce min, "Ke wace irin 'ya ce, abin da yake ba ubanki sauƙi shi za ki hana? In ba za ki taimaka ba ki bar masu taimako." Umma ba ta taɓa yi min magana irin wannan ba. Ina riƙe da waya, gaskiyar tana bakina, na kasa fitar da ita. Ranar Yaya ya koma yi masa allurar.

Maigidana ne kaɗai na faɗa wa komai, domin ya gan ni ina kuka a kicin ya ƙi tafiya sai na yi magana. Shi a ganinsa babu amanar da za a riƙe rai yana tafiya, ya ce ko Baban da kansa da wani ne ya zo masa da wannan tambayar cewa zai yi a faɗa. Na ce masa ya faɗi haka ne don ba hannunsa Baba ya riƙe ba. Muka ɗan yi sa-in-sa, daga baya ya ba ni haƙuri, ya ce shi dai zai nemi mota, ranar da na shirya in yi magana.

Jiya na koma Toranke. Na tarar da Baba a zaure ɗalibai sun kewaye shi, an sa masa matashi a baya. Leɓɓansa sun yi fari, tafin hannunsa kamar an wanke shi da toka. Wata ɗaliba tana biya masa karatu ta tsaya tana jiran ya ɗora ta, Baba ya buɗe baki ya kasa, ayar da ko cikin barci aka tashe shi zai kawo. Yana numfashi sama-sama, sai wani a cikinsu ya ɗora mata. Da suka tashi ya yunƙura zai miƙe sai ya tafi luuu, Allah ya sa bango yana kusa. Na riƙe shi, ya ce min a hankali, "Saura kaɗan Uwata, ki ƙara haƙuri." Gero kuwa ko yankansa ba a gama ba.

Yaya ya zo da yamma, ko gaisuwata bai amsa ba. Ya haɗa allura ya ɗaure hannu, ya nemi jijiya ya rasa. Ya soka nan babu, ya koma ɗaya hannun babu, ya dawo. Baba ya kawar da kai yana tasbihi. Can sai Yaya ya ajiye sirinjin ya fita. Na bi shi na same shi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya haɗa kai da babur yana kuka, ƙaton mutum mai 'ya'ya. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai jiya.

Ya ce, "Na san ba daidai nake yi ba. Tun tuni na sani. Olsa ba ta yin haka, ga shi kullum ina yi kullum yana ƙarewa. Amma in na ƙi sai ya kalle ni, ni kuma ba zan iya ba." Sai ya share fuska ya dube ni ya ce, "Ke yake kira zaure ku yi ta magana. Don Allah akwai abin da ya faɗa miki da ban sani ba?"

Ta ƙofar zaure ina hango ƙafafun Baba a kan buzu. Na ce, "Yaya sai na kira ka." Ya daɗe yana kallona, ya tayar da babur ya tafi, allurar ma ba a yi ba.

Yanzu haka ina Gaya. Maigidana ya yi magana da wani direba, gobe da safe zai kai mu Toranke, ya ce ko na yarda ko ban yarda ba shi zai je, in ya so Baba ya kore shi. Yaya ya kira ni ɗazu ban ɗauka ba, ya sake kira ban ɗauka ba, domin na san in na ji muryarsa zan faɗa. Umma ta ce Baba yau bai fito zaure ba, a ɗaki ɗaliban suka same shi.

Ni a raina na san ba zan iya jira har walima ba, ba na jin Baba zai kai. Amma ban san ta inda zan fara ba, shi ya sa na zo gare ku. Malaman da ke cikin guruf ɗin nan, idan na faɗa wa Yaya da Umma yau na ci amana ke nan, ko kuwa shirun ne laifin? Ko in fara zuwa wajen Baba ni kaɗai in durƙusa in ce masa na kasa riƙewa, ya sake ni, in ya ƙi fa? Waɗanda suka taɓa fama da dattijo mai tsoron asibiti, da wace magana kuka shawo kansa ya shiga mota, ko akwai wanda ya kamata mu ɗauko cikin abokansa malamai ya yi masa magana? Ma'aikatan lafiya kuma ku faɗa min tsakani da Allah, in muka faɗa wa likita duk yadda aka yi allurar nan, dole ne sai an taɓa Yaya, ko za a iya duba Baba a bar maganar a nan? Ba na so in ceci uba in rushe ɗan uwa, amma ba zan ɓoye wa likita abin da zai taimaki Baba ba.

Don Allah kada ku zagi Yaya a kwament, yana cikin abin da ya ishe shi. Kuma duk wanda yake yi wa nasa allurar nan a gida saboda ana ganin sauƙi, ya tambaye shi kalar bayan gidansa yau, kada ya ji kunya. Ku sa Babanmu a addu'a. Wayata tana hannuna, zan karanta duk abin da kuka rubuta, amma kafin magariba nake so in kira Yaya. Me zan ce masa?